Yadda Ake Mayar wa Rafin Dutse Gumagumansa Don Kifi Ya Samu Wurin Zama

Ranar da aka fara kai ni bakin wani rafi a kan dutse aka ce ga wanda za mu gyara, ni dai ban ga abin gyara ba. Ruwa garau, sanyi ƙalau, yana gudu a kan duwatsu, babu ko reshe ɗaya da ya tare masa hanya. Dattijon da ke jagorantar ayarinmu ya ce in shiga in bi tsakiyar ruwan in yi tafiyar mita 100, in na samu inda ya kai mini gwiwa in kira shi. Na je na dawo, ruwa bai wuce idon sawuna ba. Sai ya ce, "To yaro, in kai ne kifin, ina za ka kwana? In zalɓe ya sauka, ina za ka ɓuya? In rafin ya cika ya taho da ƙarfi, bayan me za ka raɓe?" Tun daga ranar na daina yi wa rafi mai tsabtar ido kallon mai lafiya.

Da yawa daga rafukan da ke ratsa dazuzzukan kan duwatsu ba haka Allah ya halicce su ba. Asalinsu cike suke da itatuwan da suka faɗi, wasu a gicciye, wasu a cunkushe a kwana. Mutane ne suka kwashe. A Amurka tun ƙarni na 19 aka dinga share koguna don jiragen ruwa su wuce. Wani kyaftin ɗin jirgin ruwa mai suna Henry Shreve ya yi daga 1833 zuwa 1838 yana fasa wani makeken tarin gumagumai a kogin Red River, har birnin Shreveport na Luwiziyana ya ci sunansa. A jihohin Oregon da Washinton kuma kamfanonin katako kan datse rafi da madatsar itace, su tara gumagumai, sannan su saki ruwan lokaci guda ya kwashe su zuwa gangare, ya kankare ƙasan rafin har sai an ga falalen dutse. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne na shekarun 1950 zuwa 1970, lokacin da su kansu ma'aikatan kula da kifi suka dinga janye itatuwa daga rafuka da kyakkyawar niyya, a zatonsu suna buɗe wa kifin samon hanya. Sai wajen shekarun 1980 bincike ya tabbatar cewa gidan kifin ne aka yi ta rushewa.

Kafin ka taɓa zarto ka fahimci abin da gungume yake yi a cikin ruwa, domin duk sauran shawarwarin daga nan suka fito. Ruwa in ya ci karo da gungume, sai ya matse ya bi ta ƙarƙashinsa ko ta gefensa da ƙarin gudu, ya haƙe ƙasa ya yi kwarmi. Tsakuwar da ya tono ba ta tafiya nesa, tana zubewa a wutsiyar kwarmin a wanke, babu laka. Nan ne macen kifin tirawut ko ta samon take share gurbi da jelarta ta zuba ƙwai ta rufe, ruwa kuma yana ratsa tsakanin tsakuwar yana kai wa ƙwan iska. Ta saman gungumen kuwa ganyaye da ƙiraruwa ne suke taruwa suna ruɓewa, tsutsotsin ƙwarin ruwa su ci, kifi ya ci su. Shi kifin yakan tsaya a ruwa mai sanyin gudu a bayan itace, dab da inda ruwa ke gudu da ƙarfi, abinci na zuwa ya fizga ya koma, bai ɓata ƙarfinsa ba. Kuma tirawut kifi ne mai kishin wurinsa, in ya hangi ɗan'uwansa sai ya kore shi. Rassa suna shiga tsakaninsu su hana su ganin juna, sai wurin da a da kifi ɗaya ya mallake ya ɗauki uku.

Ka lura, duk wannan aikin ruwa ne ya yi shi. Kai ba ka haƙa kwarmi ba, ba ka jera tsakuwa ba. Naka kawai ka ajiye wa ambaliya abin da za ta yi kokawa da shi, kuma ya zama abin ya fi ƙarfin ta ɗauke shi.

Ba kowane rafi ne itace ke warkarwa ba. Ka fara ɗaukar ma'aunin zafi ka je a tsakiyar bazara da yamma, lokacin da ruwa ya fi ɗumi. Tirawut ɗin rafi na gabashin Amurka ta Arewa yakan fara wahala da zarar ruwa ya haura digiri 20 a ma'aunin Salshiyas. In rafin yana wuce haka kullum saboda an sare inuwarsa, ko wata hanyar mota tana zubo masa laka duk ruwan sama, ko akwai kwalbatin da ke ƙasa wanda bakinsa ya rataye kifi ba ya iya hawa, to waɗannan za ka fara magancewa. Rafin da ya fi amsa wannan aiki shi ne mai sanyi, mai daji a gaɓoɓinsa, mai tsakuwa da duwatsu matsakaita a ƙasa, wanda gangarensa bai yi tsanani ba, amma ya zama shimfiɗaɗɗe babu kwarmi. Inda ruwa ke faɗowa daga dutse zuwa dutse kamar matakala, manyan duwatsun sun riga sun yi aikin, ƙarin da itace zai kawo kaɗan ne.

Daga nan ka gangara da ƙafa, ka bi rafin ƙasa da inda kake son yin aiki. Me ke can? Gada, kwalbati, gida a fadama, bututun ruwan sha, gonar wani? Gungumen da ya kuɓuce ya toshe kwalbati yana iya sa ruwa ya yanke hanya. Ka bar tazara mai kyau tsakanin aikinka da duk wani gini, kuma tarin gumagumai na ƙarshe na can ƙasa ka yi shi mafi ƙarfi, ya zama shi ne mai tare abin da ya sulluɓo daga sama. Ka tambaya ko masu ƙananan kwalekwale na wasa suna bin rafin in ya cika, don itacen da ya gicciye ruwa mai gudu yana iya danne mutum ya kashe shi. Batun izini kuwa ba abin wasa ba ne: ka sami yardar mai ƙasar a rubuce, ka je wa hukumar ruwa da ta kifi. A Amurka irin wannan aiki kan shiga ƙarƙashin sashe na 404 na dokar tsabtar ruwa ta 1972, wanda rundunar injiniyoyin soja ke ba da izininsa. A Ingila manyan koguna suna hannun hukumar muhalli. Ma'aikatan kifin su ne kuma za su gaya maka watannin da aka yarda a shiga ruwa. Tirawut ɗin rafi yana zuba ƙwai da kaka, ƙwan ya kwana a tsakuwa duk hunturu, wasu irin kuma sai bayan narkewar ƙanƙara. Shi ya sa galibi ake aikin a ƙarshen bazara, ruwa ya ja baya, 'ya'yan kifi sun fito daga tsakuwa, iyaye ba su fara sabon gurbi ba.

Awo ɗaya ne komai ya rataya a kansa, wato faɗin rafin in ya cika maƙil kafin ya malala fadama. Kada ka auna ruwan da ka tarar ranar, wannan na rani ne. Ka dubi gaɓa: inda tsirara ta ƙare ciyawa mai daɗewa da ƙananan itatuwa suka fara, inda gangaren gaɓar ya karye ya kwanta, da saman tudun tsakuwar da ruwa ya tara a cikin kwana. Ka ja tef daga wannan alama zuwa takwararta ta ƙetare, a wuraren da rafin ya miƙe, sau biyar ko fiye, ka fitar da matsakaici.

Masana suna kiran itace babba in kaurinsa ya kai santimita 10 tsawonsa kuma mita 1. Wannan ma'aunin ƙirga ne kawai, kada ya ruɗe ka. Gungumen da zai riƙe tari, wanda muke ce wa uwar tari, dole ya fi haka nesa ba kusa ba. Jagorar da hukumomin daji da na kifi na jihar Oregon suka fitar ta ce in gungumen yana tare da gindinsa da saiwoyinsa, tsawonsa ya kai faɗin cikar rafi sau ɗaya da rabi. In babu saiwa, ya kai sau biyu. Kauri kuma, rafin da bai wuce mita 3 ba yana son kimanin santimita 25, mai mita 3 zuwa 6 kuma santimita 40. Dalilin a fili yake: itacen da ya fi rafi tsawo ba shi da inda zai juya ya bi ruwa, ko ya motsa sai ya maƙale a itatuwan gaɓa.

A nan ne na yi kuskuren da har yau nake tunawa. A shekarata ta farko an bar mini wani yanki mai faɗin mita 5, ni da mutum biyu. Itatuwan da muka kayar sun yi mana nauyin ja, sai na yanka su gida biyu, kowane kimanin mita 4, muka jera su da kyau. Ruwan kaka na farko ya kwashe kusan duka, muka same su can ƙasa sun taru a bakin wata ƙaramar gadar katako, muka kwana biyu muna fitar da su kafin wani ruwan ya zo. Na kashe itatuwa masu rai, kifi bai amfana ba, kuma na kusa jawo wa wani asara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ba ka da hanyar sa dogon gungume, ka bar itacen a tsaye. In kuma faɗin rafin ya kai mita 10, inda itatuwan wurin ba su isa su ninka shi ba, a ganina aikin ya tashi daga hannun ayarin zarto ya koma na injiniya da manyan injuna.

Wane itace za ka kayar? Ba wanda saiwoyinsa ke riƙe da gaɓa ba, ba kuma wanda shi kaɗai ne ke yi wa ruwa inuwa ba. Ka ɗaga kai ka dubi sama, ka zaɓa daga sahu na biyu, inda suka yi cinkoso, wanda in ya faɗi maƙwabtansa za su rufe gurbin cikin 'yan shekaru. Ka ɗauki ɗaya nan ɗaya can. Busasshen itace da ke tsaye mai kogo ka bar shi, gidan tsuntsaye da jemagu ne, kuma yankansa haɗari ne don kansa na iya karyewa ya faɗo maka. Itatuwa masu ganye kamar allura, irin sida da fir, sun fi daɗewa a ruwa, wasunsu shekaru gommai. Masu faɗin ganye irin alda suna saurin ruɓewa, amma suna da kyau wajen cika tari. Itacen da ke nutse kullum ya fi wanda yake jiƙewa yana bushewa daɗewa. Kada ka yi sassabe: ka bar rassa da kan itacen yadda suke, su ne tsefen da ke kama ganye, su ne maɓoyar ƙananan kifi. In ka samu wanda iska ta tumɓuke da saiwarsa a kusa, ka samu zinariya, domin gindin nan yana nutsewa a tsakuwa ya riƙe kamar anga.

Abu biyu kada su shiga ruwan. Katakon da aka jiƙa da magani, kamar falwayar lantarki ko katakon layin dogo, guba ne. Itacen da aka ɗauko daga nesa kuma yana iya zuwa da ƙwaro. Wani ɗan koren ƙwaro da aka gano a jihar Michigan ta Amurka a 2002 ya kashe miliyoyin itatuwan da ake kira ash, kuma jigilar itace na cikin abin da ya yaɗa shi.

Yanzu ajiyewa. Kafin ka yanka ko ɗaya, ka bi yankin ka ɗaura ƙyalle a inda kake ganin ruwa da kansa zai ajiye itace in an bar shi: bayan kwana, jikin babban dutse, inda rafin ya matse tsakanin itatuwa biyu, bakin tsohuwar hanyar ruwa da ta bushe a fadama. Wannan ta ƙarshen ina ƙaunarta ƙwarai. Tari mai kyau a ƙasa da bakinta kaɗan yakan ɗaga ruwa lokacin cika ya tura wani sashe cikinta, sai ta zama mafakar 'ya'yan kifi a hunturu, ruwan kuma ya tsuma cikin ƙasa ya dinga dawowa rafin da sanyinsa a lokacin zafi.

Tari ya fi gungume tilo. Ka fara da uwar tari: ka kayar da ita yadda gindinta, da rabin jikinta ko fiye, zai zauna a kan tudu, a soke tsakanin itatuwa biyu masu rai, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, yadda in ruwa ya tura kan sai jikin ya ƙara datsewa. Sauran jikin ya kwanta a cikin rafin, ya taɓa ƙasa sosai. Gungumen da ya yi gada a sama, ruwa na wucewa ƙarƙashinsa ba ya taɓa shi, inuwa kawai yake bayarwa. Sai ka tura kawunan itatuwa masu rassa a ƙarƙashi da gabanta, ka kayar da na biyu daga ɗaya gaɓar ya gicciye ta, na ukun mai nauyi ya hau kansu ya danne. Uku zuwa biyar a wuri ɗaya, a harɗe kamar yatsun hannu biyu. In ka gama ka ga wurin ya yi kyan gani kamar an share, ba ka sa isasshe ba.

Akwai wata dabara da ke ɓatar da sababbi. Ruwan da ya haye gungume yana faɗowa ne a miƙe daga jikinsa, kamar yadda yake zubowa daga bakin rufi. Don haka gungumen da gindinsa ke gaɓa, kansa na cikin ruwa yana kallon inda ruwa ke fitowa, yana jefa ruwan tsakiyar rafi, kwarmi ya haƙu a can. In kansa ya kalli gangare, ruwan da ya haye shi gaɓa zai dosa ya ci ta. Wani lokaci cin gaɓar ne ma kake so, a cikin daji inda babu abin da zai lalace, don daga nan sabuwar tsakuwa da sabbin itatuwa ke shigowa. Amma ka san wanda ka zaɓa. Gungumen da ya tare rafin daga gaɓa zuwa gaɓa kuma kada ka toshe ƙarƙashinsa ya zama madatsa. Ka bar shi a karkace, gefe ɗaya ya fi ƙasa, ƙaramin kifi ya sami inda zai bi da rani.

Itace ba ya faɗuwa daidai inda kake so kullum. Abin da ke gyara wannan shi ne na'urar jan kaya ta hannu mai igiyar waya, irin Tirfor, da kura biyu, wato 'yan ƙafafun da waya ke zagayawa a kansu, da maɗauri mai faɗi da za ka naɗa a jikin itacen da ka jingina da shi don kada waya ta yanke masa ɓawo, da sanda mai ƙugiya ta juya gungume. Da waɗannan mutum uku suna matsar da abin da ya fi tan ɗaya, a hankali, ba tare da mota ta tattake gaɓa ba. Amma in an gama ja, wayar ta koma gida tare da kai. Ba na son ɗaure gungume da waya ko sarƙa a bar shi. Itacen zai ruɓe, ƙarfen ya rage a ruwa yana jiran ƙafar wani. Kuma gungumen da aka ɗaure ta kai ɗaya yakan yi ta lilo cikin ambaliya yana dukan gaɓa. Tsawo, nauyi da sokewa tsakanin itatuwa su ne maɗaurin gaskiya. Inda dole sai an kafe saboda gada ko gida, injiniya ya zana.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kayar da itace a gangaren dutse mai santsi yana cikin ayyuka mafi haɗari da na sani. Mai riƙe injin zarto ya zama wanda ya sami horo, da hular kwano, da wandon kariya, da abin toshe kunne. Ya share hanyar gudu ta baya a karkace kafin ya fara yanka. Kowa ya tsaya nesa da tsawon itacen sau biyu. Itacen da ya rataye a kan wani kada a shiga ƙarƙashinsa, a ja shi da waya daga nesa. Kada kowa ya tsaya a layin wayar da ke ɗaure tamau, ko a cikin kusurwar da ta yi a jikin kura. Ku zuba mai a injin can nesa da ruwa, ku yi amfani da man sarƙa na tsirrai. Takalman ruwa kuma a wanke su a busar kafin a shiga wani rafin, don cututtukan kifi suna bin ƙafar mutane.

Kafin ku tashi, ka kafa turaku a wurare uku ko huɗu ka ɗauki hoto daga kowanne, ka buga wa manyan gumagumai lamba, ka rubuta zurfin ruwa a gindin kowane tari. Awon da ba ya yaudara shi ne ka auna wuri mafi zurfi na kwarmin, ka auna zurfin ruwa a wutsiyarsa inda yake fita, ka debe na biyun daga na farkon. Abin da ya rage ba ya canzawa ko ruwa ya ƙaru ko ya ragu. Ka ware wani yanki makamancinsa da ba ka taɓa ba, ka dinga auna shi ma. Wannan yana da muhimmanci wajen ƙirgar kifi, domin wasu daga kifin da za ka gani da farko ƙaura suka yi daga maƙwabta, sai an bi shekaru ana gwada yankunan biyu ake gane ainihin ƙaruwa.

Sai haƙuri. Shekarar da ba a yi babban ruwa ba, za ka dawo ka tarar da komai yadda ka bar shi. Bayan cika biyu ko uku ne rafin ke sauya kama. Wasu gumaguman za su matsa, su bar inda ka sa su su haɗu da tarin gaba. Muddin suna cikin yankin, ba asara ba ce, sau da yawa inda ruwa ya ajiye su ya fi inda ka zaɓa. Sakamakon kuma an auna shi. Binciken da masana biyu, Roni da Quinn, suka wallafa a 2001 a rafuka 30 na yammacin Oregon da Washinton ya sami 'ya'yan samon irin koho sun ninka sau 1.8 da bazara, sau 3.2 da hunturu, a inda aka sa itace. A jihar Vermont, a rassan kogin Nulhegan, nauyin tirawut ɗin rafi ya ninka kusan sau uku a wuraren da aka yi wa wannan aiki. Ka dubi yadda ribar hunturu ta fi ta bazara a binciken farko: mafaka lokacin ambaliya ce abin da ƙananan kifin suka fi rasa.

Gumaguman da ka sa za su ruɓe wata rana, kuma wanda zai maye gurbinsu yana tsaye a gaɓa yanzu, ko kuma babu shi. Saboda haka a kakar da ta biyo bayan aikin mukan koma da dashe. Muna shuka irin itatuwan wurin masu girma da daɗewa a duk inda gaɓa ta yi fili, mu sa wa kowanne kariyar raga saboda barewa da dabbobin kiwo, mu yi yarjejeniya da mai ƙasar cewa za a bar ɗamarar daji a gefen ruwa ba sara, faɗinta aƙalla tsawon babban itace ɗaya, kuma duk wanda iska ta kayar cikin rafin a bar shi inda ya faɗi. Shekara uku na farko sai an riƙa zuwa ana cire ciyawar da ke shaƙe dashen, ana maye waɗanda suka mutu, ana ɗaga ragar da ƙanƙara ta kwantar.